Kabarin Baƙo



Hausawa suna da wata kalma da suke faɗi idan mutum ya yi jinya a ɗakinsa, ya cika a gaban iyalinsa, aka yi masa wanka da salla aka kai shi makwancinsa. Sai su ce ya yi mutuwar Allah da Annabi. Maganar da muka zo da ita yau ta shafi waɗanda ba su sami wannan gata ba, watau mutanen da suka bar garuruwansu don neman abinci ko gudun fitina, ƙishirwa ko ruwa ko wuta ko makami ya kashe su a ƙasar da ba tasu ba. Mun sani sarai ajali na Allah ne, babu mai ƙara wa wani kwana. Amma ko a gaban alƙali, idan aka kawo gawa, ba a rufe shari'a da cewa kwana ya ƙare, sai an tambayi sanadi. To, sanadin ne muke so mu bincika, gama idan mutum ya jera labaran mutuwar baƙi ya dube su gaba ɗaya, zai ga suna bin tafarki guda, kamar yadda ruwan sama yake bin kwari.

Bari mu fara da abin da ya faru a ƙofar gidanmu. A cikin watan Oktoba na shekarar 2013, motoci biyu suka tashi daga Arlit, a arewacin Nijar, suka nufi Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya. Motocin suka lalace a cikin hamada, ruwa ya ƙare, mutane suka watsu suna neman rijiya. Da masu ceto suka isa a ƙarshen watan, gawa 92 suka tsinta: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu daga ƙasar Kance suka fito, cikin jihar Damagaram, daf da Daura, kuma bara za su tafi yi a biranen Aljeriya saboda amfanin gona bai kai su ko'ina ba. Gwamnatin Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. A farkon wannan watan dai, ran 3 ga Oktoba, wani jirgin ruwa ya nutse kusa da tsibirin Lampedusa na Italiya da mutum fiye da 360, akasarinsu 'yan Eritiriya. Duniya ta ɗauki hoton akwatunan Lampedusa an jera su sahu-sahu. Mutanen Kance kuwa, inda aka tsince su nan aka turbuɗe su cikin rairayi.

Tun daga shekarar 2014 Hukumar Ƙaura ta Duniya, watau IOM, ta shiga ƙidayar waɗanda suka mutu ko suka ɓace a hanyar ƙaura. Cikin shekara goma na farko ta lissafa fiye da mutum 63,000. Kusan kashi 60 cikin ɗari ruwa ne ya ci su, kuma fiye da kashi biyu cikin uku ba a san ko su wane ne ba. Hukumar da kanta ta ce wannan adadi ya gaza ainihin abin da ya auku, domin gawar da aka gani ko aka ba da labarinta kaɗai ake iya rubutawa. Wani rahoto da ta fitar tare da Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2024 ya yi hasashen cewa masu mutuwa a Sahara sun ninka masu mutuwa a Bahar Rum. Mu da muke zaune a bakin wannan hamada, lalle maganar tamu ce.

Bisa ga abin da muka karanta, ƙofofi huɗu ne mutuwa take shigo wa baƙo ta cikinsu: hanya, da aiki, da fushin jama'a, da hannun hukuma. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙofa ta farko ita ce hanya. Kakanninmu sun ratsa Sahara shekaru aru-aru, daga Kano zuwa Agadas, zuwa Ghat da Tarabulus, ko zuwa Bilma ɗauko gishiri. Ba a rasa mutuwa a wannan zamani ba, amma ayari yana da madugu da jagaba, yana tashi da lokacinsa, yana bin rijiya zuwa rijiya, kowane zango kuma an san wanda ya sauka da wanda ya wuce. Ko da mota ta karɓe aikin raƙumi, wani abu na wannan tsari ya saura. Kowace Litinin motocin da za su Libiya sukan tashi daga Agadas a jere, sojoji suna yi musu rakiya har Dirku. A watan Mayu na 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙi, Tarayyar Turai kuwa ta matsa lamba da kuɗi da shawara har aka fara aiki da ita sosai a 2016. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, aka sa ido a kan rijiyoyi. Masu tafiya ba su fasa ba, gama abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Direbobi sai suka koma tashi da dare, mota ɗai-ɗai, suna kauce wa rijiya da sananniyar hanya, in sun hangi ƙurar 'yan sintiri su zubar da fasinja su gudu. A farkon watan Yuni na 2017 aka sami labarin mutum 44, 'yan Gana da 'yan Nijeriya, har da jarirai, da ƙishirwa ta kashe tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta mutu. Shida ne kawai suka kai ga wani ƙauye da ƙafa. Gwamnatin soja ta Nijar ta soke dokar a watan Nuwamba na 2023, amma waɗanda hamada ta cinye cikin shekarun nan ba su dawo ba.

Haka abin yake a teku. Bayan haɗarin Lampedusa, Italiya ta tura jiragen yaƙinta suna ceto har kusa da gaɓar Libiya, suka tsamo fiye da mutum 100,000 cikin shekara guda. A ƙarshen 2014 aka dakatar da wannan aiki, wasu shugabannin Turai suna cewa ceton ne yake ƙara wa mutane ƙwarin gwiwar tasowa. Aka maye gurbinsa da ƙaramin sintiri na gadin iyaka. Watanni kaɗan bayan haka, a cikin Afrilu na 2015, jirage biyu suka nutse cikin mako ɗaya da rayuka fiye da dubu. Darasin da ke cikin labaran nan biyu guda ne: idan aka toshe hanya mai sauƙi alhali dalilin tafiya yana nan, tafiyar takan koma hanya mai wuya, mutuwa kuma ta bi ta can.

Ƙofa ta biyu ita ce aiki. Wanda ya tsira daga hanya, aikin da ɗan gari ya ƙi shi yake samu: hawan gini, haƙar ma'adini, tsinkar amfanin gona a tsakar rana, gadi da dare. Ba shi da ƙungiyar ƙwadago, kuma ba ya kai ƙara domin ofishin da zai kai ƙarar shi ne zai tambaye shi takarda. A watan Agusta na 2018, a lardin Foggia na kudancin Italiya, leburorin tumatir 16, baƙi ne dukansu, suka mutu cikin haɗarin mota biyu da kwana biyu tsakaninsu, an cusa su cikin tsofaffin motocin dillalan ƙwadago masu cin rabin ladansu. A watan Yuni na 2024 gobara ta tashi a wani bene da aka cunkusa leburori a Mangaf ta ƙasar Kuwaiti, mutum 49 suka halaka nan take, yawancinsu 'yan Indiya.

A wannan ƙofa akwai wata dabara da ya kamata ɗalibi ya lura da ita. A 2021 jaridar Guardian ta Ingila ta tattara alƙaluma daga ƙasashe biyar na kudancin Asiya, ta ce mutanensu fiye da 6,500 sun mutu a Ƙatar cikin shekara goma da ba ta izinin shirya gasar ƙwallon duniya. Gwamnatin Ƙatar ta ce adadin bai wuce abin da ake tsammani ba ga jama'a mai yawa haka. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yawancin takardun mutuwar an rubuta musu ciwon zuciya ko ɗaukewar numfashi, ba tare da likita ya binciki gawa ba. Saurayi ɗan shekara talatin, wanda aka gwada lafiyarsa kafin a ba shi biza, ya wuni yana aiki cikin zafin da ya haura digo arba'in, ya kwanta bai tashi ba, sai alƙalami ya mai da ita mutuwar Allah da Annabi. Da zarar an rubuta haka, diyya ta faɗi.

Ƙofa ta uku ita ce fushin jama'a, kuma tana da lokacinta. Muddin kasuwa tana ci, baƙo abokin ciniki ne. Ranar da aiki ya yi wuya, ko zaɓe ya gabato, ko aka shiga rigimar fili, ranar ake tuna asalinsa. A watan Mayu na 2008 tarzoma ta tashi a unguwar Alexandra ta birnin Johannesburg ta bazu cikin Afirka ta Kudu, aka kashe mutum 62. Da aka zo lissafi, 21 daga cikinsu 'yan ƙasar ne, an ɗauke su baƙi saboda duhun fata ko karin harshe. A Libiya, cikin watan Satumba na 2000, aka far wa baƙaƙen fata a garin Zawiya da kewayensa, aka kashe da dama, aka kwaso dubban 'yan Nijeriya da 'yan Gana zuwa gida. A yaƙin 2011 kuma aka riƙa kama leburori baƙaƙe ana cewa sojojin haya ne na Gaddafi.

Kada mu zaci daɗewa a wuri tana wanke mutum daga baƙunci. Hausawan Sudan jikokin alhazai ne da suka bi hanyar Makka da ƙafa, da kuma waɗanda suka yi hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka kafa gari irin su Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Sun haura shekara ɗari a can, 'yan ƙasa ne. Amma da suka nemi a ba su sarautar kansu a jihar Blue Nile, sai maganar wane ne mai ƙasa ta taso. A watan Yuli na 2022 faɗa tsakaninsu da maƙwabtansu ya ci mutum fiye da ɗari, a watan Oktoba kuma aka rasa wajen ɗari biyu a yankin Wad al-Mahi.

'Yan'uwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu ma mun tsaya a ɓangarori biyu na wannan ƙofa. A 1966 an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, mutanen da suka zo neman abinci kamar yadda namu suke zuwa Kurmi. A watan Yuli na 1999 aka kashe Hausawa a Shagamu, da gawawwaki suka iso Kano sai aka huce a kan Yarabawan da ba su san hawa ba balle sauka. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo aka kashe 16. Wanda ya yi kukan Uromi ya manta 1966, ko ya riƙe 1966 ya kau da kai daga Uromi, bai fahimci maganar ba tukuna.

Ƙofa ta huɗu, wadda ta fi sauran ban takaici, ita ce hannun hukuma. A watan Yuli na 2005 wani kwalekwale ɗauke da 'yan Afirka ta Yamma fiye da hamsin, masu niyyar zuwa Turai, ya sauka a Gambiya. Jami'an tsaro suka zarge su da zuwa juyin mulki, aka karkashe su cikin 'yan kwanaki, 44 daga cikinsu 'yan Gana. Shekara goma sha huɗu gaskiya tana binne, sai a 2019, bayan faɗuwar Yahaya Jammeh, wasu sojojinsa suka tsaya gaban hukumar bin diddigin gaskiya suka amsa cewa su suka yi, bisa umurninsa. A watan Yuli na 2019 jirgin yaƙi ya jefa bam a gidan tsare baƙi na Tajura, kusa da Tarabulus, mutum 53 suka mutu a kulle. Ran 24 ga Yuni, 2022, a shingen Melilla tsakanin Maroko da Sifen, aƙalla mutum 23 suka mutu, yawancinsu 'yan Sudan masu gudun fitina. A iyakar Aljeriya da Nijar kuwa, an sha sauke waɗanda aka koro a fili tsakiyar hamada, a ce su taka kilomita goma sha biyar zuwa Assamaka. Kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoto a 2018 cewa an yi wa fiye da mutum 13,000 haka cikin wata goma sha huɗu, har da mata masu ciki.

Korar baƙi a gurguje ma kisa ce, ko da ba a harba harsashi ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, iyayenmu na zangon Kumasi da Ankara suka tattara abin da hannu zai iya ɗauka. A watan Janairu na 1983, da kuɗin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan, ita ma da wa'adin mako biyu. Wajen mutum miliyan biyu suka fita, kimanin rabinsu 'yan Gana. Iyakar Gana a rufe take a lokacin, jama'a suka taru a kan iyakokin Binin da Togo da tashar jirgin ruwa ta Apapa, wasu suka mutu saboda turmutsitsi da yunwa da haɗarin mota. Abin da ya rage mana na tunawa shi ne sunan wata jaka da muke zuba kaya a ciki.

To, mene ne ya haɗa ƙofofin nan huɗu? A ganinmu, rashin shaida. Ɗan gari idan aka taɓa shi, yana da dangi da za su cika ofishin 'yan sanda, da mai unguwa da zai yi magana, da ɗan majalisa mai bukatar ƙuri'arsa. Baƙo ba shi da ko ɗaya, mai cutarsa kuwa ya san haka tun kafin ya ɗaga hannu. Direban da ya zubar da fasinja a Tenere, da ɗan kwangilar da ya kulle ƙofar bene, da sojan da ya karɓi umurni a Gambiya, duk lissafi ɗaya suka yi, watau babu mai zuwa tambaya. A watan Nuwamba na 2017 aka binne 'yan mata 26 'yan Nijeriya a garin Salerno na Italiya, waɗanda aka tsamo daga teku. Biyu kaɗai aka san sunansu a ranar jana'izar.

Wannan rashin suna yana da nasa ciwo a gida, kuma mu muka fi kowa saninsa. Wanda aka ga gawarsa, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, matarsa ta yi takaba, an raba gado, zuciya ta fara sanyi. Wanda ya ɓace a hamada, matarsa tana nan a rataye, ba ta da miji kuma ba ta fita daga aure ba. A mazhabar Malikiyya, idan ta kai ƙara gaban alƙali aka bincika ba a sami labari ba, sai ta jira shekara huɗu sannan ta yi idda. Gonarsa ba ta rabuwa, bashin da aka ci don kuɗin motarsa yana nan, tsohuwarsa kuwa duk motar da ta tsaya a bakin kasuwa sai ta leƙa.

Saura mu tambayi kanmu abin da ya rataya a wuyanmu, mu da talakawa suka biya haraji aka ilmantar. Ba mu da ikon buɗe iyakar Turai, amma akwai abin da yake hannunmu.

Na farko, ga waɗanda za su zama likitoci da 'yan sanda da alƙalai da ma'aikatan ƙananan hukumomi: idan aka kawo muku gawar da ba ta da mai ita, kada ku rubuta "ba a san shi ba" ku rufe fayil. Ku ɗauki hoto, ku rubuta tsagar fuska da tabon jiki da tufafi da abin da ke aljihu, ku rubuta ainihin sanadi ko da zai ɓata wa wani babba rai, ku sa lamba a kabari. Wata rana wani zai zo nema.

Na biyu, ga ma'aikatan shige da fice da na kwastan: yarjejeniyar da ƙungiyar ECOWAS ta ƙulla a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna kwana casa'in ba biza. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, amma Katsina da Maraɗi ba su daina zama 'yan uwa ba. Duk jami'in da ya tatsi matafiyi a kan shinge har ya gwammace ya bi ta daji, yana da kaso cikin abin da ya same shi a dajin.

Na uku, ga mu ɗalibai: kowace shekara muna neman abin da za mu rubuta kundin kammala karatu a kansa. Ga aiki nan yana jira. Idan muka je hutu, mu zauna da mai gari da liman da sarkin tasha, mu rubuta su wa suka tafi, wace shekara, ta wace hanya, wa ya dawo, wa aka ji rasuwarsa, wa aka ji shiru. Hukumomin duniya suna ƙidaya daga bakin teku, mu ne za mu iya ƙidaya daga ƙofar gida, inda sunaye suke.

Na huɗu, mu farfaɗo da abin da kakanninmu suka gina. Zango da mai masauki da sarkin baƙi hanya ce ta ba baƙo dangi a inda ba shi da dangi. Ɗan Nijar mai ga-ruwa a unguwarmu, da Inyamuri mai kanti, da ɗan Chadi mai gadi, ya kamata a ce akwai wanda ya san sunansu da garinsu, wanda kuma zai tsaya a ƙofarsu ranar da gari ya rikice. Irin tsayuwar da muke fata wani ya yi wa ɗan'uwanmu a Sabha ko Damazin ko Shagamu ke nan.

Shugaban taro, mun ci lokacinku da yawa. Muna roƙon Allah Ya jiƙan mutanen Kance da duk waɗanda suka kwanta a hanya, waɗanda aka sani da waɗanda ba a sani ba, Ya ba iyalansu haƙuri, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amanar alƙalamin da za a damƙa mana.